Shekarar da Autanmu Ya Zo Buga Ƙwallo a Alƙahira

A bakin mahauci na fara jin cewa ƙanena zai zo Alƙahira. Wajen ƙarshen shekarun casa'in ne, muna zaune a unguwar Dokki, maigidana yana aiki a ofishin jakadancin ƙasarmu, ni kuwa ina gida da yara biyu. Na je sayen nama da hantsi, sai mahaucin ya ajiye wuƙarsa, ya zaro jarida daga ƙarƙashin teburi, ya miƙo mini da hannunsa mai maiƙo.

"Ya madam, ɗan ƙasarku ne!" in ji shi. "Mun same shi! Wallahi mun ƙwace shi daga hannun waɗancan!"

Larabcina na lokacin bai wuce na cefane ba, don haka ban damu da rubutun ba, hoton na duba. Autanmu ne, wanda na goya a bayana a Kaduna, yana murmushin nan nasa mai bayyana wushirya. Na saki ledar hannuna na ce da Hausa, "Wannan ai Auta ne!" Sai na tuna mutumin ba ya jin Hausa. Na dinga dafa ƙirjina ina gaya masa ɗan'uwana ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana, sai ya fita tsakiyar titi yana ƙwala wa maƙwabtansa kira. Ƙashin miya na je saya, amma da cinyar rago na koma gida.

Da yamma Auta ya bugo waya yana dariya. "Yaya, so na yi in ba ki mamaki, 'yan jarida suka riga ni."

Ya yi mini bayani. Kwantiraginsa da ƙaramin kulob ɗin da yake bugawa a Turai ya ƙare, bai sabunta ba, saboda haka babu mai iko da shi, duk wanda ya fi tayi shi zai ɗauka. Manyan kulob biyu na Alƙahira suka yi ta rububinsa, ɗaya ya taya, ɗaya ya ɗora, har wanda ya fi zafin nema ya yi nasara. Tunda ba su biya wani kulob kuɗin sayensa ba, sai suka zuba masa duka a albashi. Ya ce a duk ƙungiyar babu wanda zai kama ƙafarsa wajen samu.

"Ɗan gaba suke nema mai cin ƙwallo, Yaya, ni kuwa sana'ata ke nan."

Ranar da ya sauka, maigidana ya kwashe mu a mota zuwa filin jirgi. Tun daga wurin ajiye motoci muka fara jin ganguna. Samari ne maƙil, da tutoci da usur, wasu sun hau kan rufin motoci. Auta na fitowa suka yi caa a kansa, kafin in ƙifta ido sun ɗaga shi sama, jakarsa na yawo hannu zuwa hannu. Ɗana yana tsalle yana kiran "Kawu! Kawu!" amma wa zai ji shi? Can Auta ya hango mayafina, ya ɗago hannu daga kan kafaɗun mutane ya yi ihu, "Yaya, kin ga ikon Allah?" Ni kuwa dariya nake yi, hawaye na zuba, na rasa wanne zan tsayar.

Makonnin farko kamar biki muke yi. Kulob ya ba shi gida a saman wani dogon bene mai kallon kogin Nilu, da mota, da direba. Duk Juma'a yana zuwa wurina cin tuwo da miyar kuka, yaran unguwa su cika ƙofar benenmu suna jiran ya leƙo ta taga. Matan da a da ko gaisuwata ba sa amsawa da kyau suka koma aiko mini da kayan zaƙi. A wasansa na farko ya buga wata ƙwallo ta daki ƙarfen raga, duk gari ya ce wannan somin taɓi ne.

Sai wasa ya bi wasa, ƙwallo ta ƙi shiga.

A nan na san mutanen Alƙahira da ƙwallo. A wurinsu kunnen doki ma abin zaman makoki ne. Direban tasi zai tuƙa ka da hannu ɗaya, ɗayan yana zana maka a iska yadda ya kamata a buga. Da zarar sun ga baƙar fata sai su tambaya, "Nijeriya?" In na ce e, sai a fara: wai ɗan ƙasarku ya cinye kuɗinmu, wai ƙafarsa ta hagu ta hawa mota ce kawai. Ba su san da yayarsa suke magana ba, ni kuma ba na faɗa. Wata jarida ta zana shi zaune a kan buhun kuɗi yana gyangyaɗi, ƙwallo na wucewa ta gabansa. Mahaucina ya daina yi mini murmushi, sai ya auna nama ya girgiza kai ya ce, "Ma'alish, ya madam," kamar mai yi mini ta'aziyya. Wata rana ɗana ya dawo daga makaranta da yagaggiyar riga, ya yi dambe saboda Kawu.

Auta ya canza. Idan ya zo ranar Juma'a ba ya leƙa taga, tuwon ma sai ya yi loma kaɗan ya ture. Jaridu yake shigowa da su a hammata, ya zube gaban maigidana, wanda ya iya Larabci sosai.

"Yallaɓai, karanta mini. Me suka ce?"

Maigidana mutum ne da aikinsa ya koya masa tausasa magana. Sai ya gyara tabarau, ya bi shafin da ido, ya ce, "Cewa suka yi kana buƙatar lokaci ka saba da yanayi."

"Haba Yallaɓai! Shafi guda cur, har da hotona, ka ba ni magana ɗaya? Wannan kalmar mai manyan baƙaƙe fa, me take nufi?"

"Kalmar ba ta da fassara a Hausa," in ji maigidana, ya naɗe jaridar.

Babu abin da Auta bai gwada ba. Ya canza takalmin wasa. Ya aske kansa ƙwal. Ya cire wayar gidansa daga bango. Bayan an tashi daga atisaye sai ya tsaya shi kaɗai yana ta buga ƙwallo raga har cinyarsa ta fara ciwo, likitan kulob ya hana shi. A fili kuwa, muna kallonsa a talabijin, duk inda ƙwallo ta same shi sai ya ɗirka ta raga, ko daga tsakiyar fili ne, abokan wasansa suna ɗaga hannu suna yi masa faɗa.

Ya ba ni labarin yadda sauran masu babban albashi suke fama da abin. Akwai wani baƙo kamarsa da aka kawo a bara, shi da zagi ya yi masa yawa sai ya ce gwiwarsa na ciwo, ya kulle kansa a gida, daga baya ya tafi hutu ƙasarsu bai dawo ba. Kyaftin ɗinsu kuwa, ɗan gari ne da ya daɗe ana zaginsa ana yabonsa, ba ya karanta komai, ba ya sauraron rediyo, da an tashi wasa sai ya hau rufin gidansu wurin tattabarunsa.

"Ni ba ni da tattabaru, Yaya," in ji Auta. Muna kicin ne, ina tuƙa tuwo, shi yana jingine da ƙofa. "A da idan ƙwallo ta taho ba na tunanin komai, ƙafata ce ke yin aikinta. Yanzu kafin ta iso na ji muryar kowa. Na ji ta koci, na ji ta ɗan jarida, na ji ta direban da ya kawo ni. Sai in tuna abin da ake biyana, sai ƙafar ta yi nauyi kamar ba tawa ba."

Ban san komai game da ƙwallo ba, ban kuma yi ƙoƙarin ba shi shawarar da ba ni da ita ba. Amma na san ƙanena, tun yana yaro kaɗaici ne ke karya shi. A makon kuwa matar wani ɗalibi ɗan ƙasarmu ta haihu a Ainu Shams, unguwar da yawancin masu karatun addini suke haya saboda sauƙin gidaje, an roƙe ni in dafa abincin suna.

"Gobe za ka raka ni Ainu Shams," na ce masa. "Tukwanen sun fi ƙarfina."

"Yaya, dariya za su yi mini."

"To su yi mana. Ai da Hausa za su yi, za ka ji da kunnenka, ba sai an fassara maka ba."

Haka muka tafi, babban ɗan wasa rungume da tukunyar shinkafa a kan cinya. Da muka isa, ɗaliban suka karɓe shi da girmamawa mai yawa, irin wadda ake yi wa mara lafiya. Babu wanda ya ambaci ƙwallo. Aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka ci abinci. Bayan la'asar sai suka fita wani fili tsakanin benaye, suka tattare jallabiyoyinsu suka ɗaure a ƙugu, suka jera takalma a matsayin raga. Mu mata muka tsaya a baranda muna kallo. Kwantiragin Auta ya hana shi buga irin wannan wasa, don haka suka ba shi usur suka ce shi ne alƙali.

Ana cikin wasa, wani dogon ɗalibi ya tsinci kansa shi kaɗai gaban raga, mai tsaron gida ya faɗi can gefe. Ya ɗaga ƙafa ya buga, ƙwallo ta tashi sama ta faɗa barandar wasu mutane a hawa na biyu. Sai wani ya manta da kansa ya yi ihu, "Kai! Wannan ai irin ta alƙali ce!"

Kowa ya juya ya dubi Auta. Na riƙe ƙarfen baranda. Auta ya tsaya da usur a baki, ya dubi wanda ya yi maganar, ya dubi barandar da ƙwallon ta faɗa. Sai usur ɗin ya fara fitar da wata irin ƙara, ashe dariya ce ke cinsa. Ya tofar da shi, ya riƙe ciki, har ya zauna a ƙasa. Dogon ɗalibin ya ce, "Ni dai ina da uzuri, ba wanda ya biya ni." Nan kowa ya fashe, har mu da ke sama.

Daga nan bakinsu ya buɗe. Suka kewaye shi, kowa na kwaikwayon yadda ya ɓarar da ƙwallo a wasa kaza, shi kuma yana gyara musu, yana cewa a'a, ta fi haka muni. Angon ƙarnin, wanda ya girme su duka, ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ɗan'uwa, ni abin da nake gani, kana buga ƙwallo kamar mai neman gafara. Kowace ta zo so kake ta wanke ka gaba ɗaya. Wa ka yi wa laifi? Su suka taya, kai ka karɓa, khalas, shi ke nan."

A hanyar komawa Auta bai yi shiru ba ko na minti ɗaya. Ya ce gobe zai sami koci ya roƙe shi ya ajiye shi a benci, ya riƙa sa shi bayan hutun rabin lokaci, lokacin da 'yan baya suka gaji. Ya ce zai bar wa wani bugun tazara. Na ce ba za su ce ya ji tsoro ba? Ya ce, "Za su faɗa mana, Yaya. Me ya rage ba su faɗa ba?" Kocin ya yi mamaki, don bai saba ganin mai irin albashinsa ya nemi benci da kansa ba, amma ya yarda. Jaridu kuwa Auta ya daina kawo su. Juma'a ta koma kashi biyu: tuwo a wurina, alƙalanci a Ainu Shams.

Bayan 'yan makonni ya kawo mana tikiti. Wasa ne da wani kulob daga bakin teku, da rana, lokacin sanyi. Ban taɓa shiga filin ƙwallo ba a rayuwata. Da muka hau matakala muka ɓullo ta sama, sai da na kama hannun maigidana. Mutane ne tun daga ƙasa har inda ido ya tsaya, suna waƙa da murya ɗaya, simintin da ke ƙarƙashin ƙafata yana rawa. Masu sayar da shayi da 'ya'yan kabewa suna ratsa layi, hayaƙi mai launi yana tashi daga wancan ɓangaren. Aka zaunar da mu kusa da wata mata Bamisriya mai jiki, da mijinta da 'ya'yanta.

Aka tafi hutu babu ci. Da aka dawo sai na ga Auta ya tashi daga benci yana ɗumama jiki, nan take filin ya ɗauki fito, wanda a wurinsu shi ne ihun ba-ma-so. Ban san fito yana da nauyi ba sai ran nan, har cikin haƙorana nake jin sa. Matar da ke gefena ta sa yatsu biyu a baki tana yi da iya ƙarfinta. Na ja mayafina na rufe rabin fuska.

Ya shiga. Ƙwallon farko da ta same shi, maimakon ya ɗirka, sai ya tura wa na kusa da shi a hankali. Aka yi fito. Ta biyu ma haka. Can aka yi bugun kusurwa, ya tashi sama ya sa kai, ta wuce ta saman raga. Filin ya yi wata irin ƙara, wasu na jifa da bawon lemo. Ina kallonsa, sai na ga ya ɗaga hannu ya tafa wa wanda ya bugo masa, kuma wallahi murmushi yake yi. Na ce wa maigidana, "Ka ga dariya yake!" Ya ce, "Na gani, ki bar jijjiga ni."

Lokaci ya kusa ƙarewa, wasu har sun fara fita. Sai aka zuro wa Auta ƙwallo a bakin da'irar gidan abokan hamayya, ɗan baya ɗaya ne a gabansa. Duk filin ya miƙe ana ihu ya buga. Bai buga ba. Ya ja ta gefe, ya zura wa kyaftin da ke tahowa a guje. Kyaftin ya sake ta da ƙarfi, mai tsaron gida ya doke ta da hannu biyu, ta dawo ta daki Auta a gwiwa, shi bai ma gan ta ba. Ta gangara. Ban taɓa ganin abu mai tafiya a hankali kamar ƙwallon nan ba. Ɗan baya ya zube yana miƙa ƙafa, mai tsaron gida yana rarrafe, ita kuwa tana ta mirginawa abinta, har ta tsallake layi ta kwanta a cikin raga.

Ban san lokacin da na tashi ba. Guɗa na rangaɗa, irin ta gidan biki, a tsakiyar Alƙahira. Matar nan mai fito ta rungume ni har ƙafata ta bar ƙasa, tana sumbatar goshina. Na dinga yi mata ihu a kunne da ɗan Larabcina, "Ɗan'uwana ne! Ɗan'uwana ne!" Ita ma ta juya tana sanar da na bayanta, kafin ka ce me layinmu duka ya juyo yana tafa mini, kamar ni na ci. Na waiga neman maigidana, sai na gan shi tsaye a kan kujera da kwat ɗinsa, tabarau a karkace, ya ɗora ɗanmu a wuya. A ƙasa kuwa ba a ganin Auta, 'yan wasa sun danne shi, har mai tsaron gidansu ya taho a guje daga wancan ƙarshen ya faɗa kansu. Filin da ya gama yi masa fito ya koma rera sunansa. Da ci ɗaya aka tashi.

Ba mu samu ganinsa ba ran nan. Hanyar gida ta cushe, motoci na ta hon, samari sun fito rabin jiki ta tagogi da tutoci. Muryata ta dishe har washegari. Da hantsi Auta ya shigo gidanmu yana ɗingishin ƙarya, yana nuna ƙafarsa.

"Da gwiwa, Yaya! Duk atisayen nan, duk takalman nan, ashe gwiwa ce za ta ci!"

"Ta shiga ko ba ta shiga ba?" na ce da 'yar muryar da ta rage mini.

"Ta shiga."

"To yalla, maza zauna ka karya."

Bayan wannan ya ci ƙwallaye da dama, wasu masu kyan da aka yi ta maimaita su a talabijin. Ya koma cikin masu fara wasa. Amma garin bai sauya hali ba. A kakar da ta biyo baya ya sake yin makonni bai ci ba, fito ya dawo, masu zanen barkwanci a jaridu suka dawo. Wannan karon sai ya zo ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari. Ya ce mini ya gane mutanen nan ba ƙinsa suke yi ba, ƙwallon ce ke hana su sukuni kamar yadda take hana shi, bambancin kawai shi ana biyansa.

Da kwantiraginsa ya ƙare a farkon shekarun dubu biyu, ya sake zama mai zaman kansa, tayi biyu suka zo. Ɗaya daga wata ƙasa mai arzikin mai, inda filaye ba sa cika, babu mai yi maka fito. Ɗayan daga wani birni a arewacin Afirka, wanda ake cewa magoya bayansa sun fi na Alƙahira zafin kai. Ya zo ya zauna a falo ya faɗa mana. Maigidana ya ba shi shawarar ya je inda zai huta. Ni kuwa na ga yadda ƙafarsa ke kaɗawa tun da ya ambaci na biyun.

"Yaya, ke me kika gani?"

"Ka riga ka zaɓa," na ce. "Ka dai aiko mana da tikiti."

Birni na biyun ya tafi. Mun je kallonsa a can sau ɗaya kafin a mayar da maigidana gida, kuma ran nan ma sai da muryata ta dishe.